Filafilin Gungun Shamuwa

Ku yi mini gafara, manyana. Ban isa in buɗe baki a gaban masana tarihi ba, balle in ɗauki alƙalami. Ni dai yarinya ce mai zaman lungu da littafi, wadda in an yi baƙi a gida takan ɓuya bayan ƙyaure. Wannan ne farkon abin da na taɓa rubutawa. Ƙasar da zan ba ku labarinta ba za ku same ta a taswira ba, a zuciyata mutanenta suka yi gida, suka ƙi tashi sai na faɗi abin da ya same su. In kun ga kuskure nawa ne, ku rufa mini asiri.

A zamanin da Turawa ke mulki, an yi wani tsibiri a tsakiyar Kogin Baƙin Ruwa, ana ce masa Gungun Shamuwa, domin kowace shekara kafin ruwan farko shamuwa kan sauka kan rimin ƙofar fada ta yi sheƙa. Mutanensa masunta ne da masu fito. Kogi ne ganuwarsu, jirgi ne dokinsu. Gabas da su, a kan tudu, akwai masarautar Tudun Marke, wadda ta fi su jama'a da dukiya. Ta daɗe tana kwaɗayin mashiginsu, don duk fataken da za su haye kogi sai ta nan.

Mutanen Gungu suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Akwai wani filafilin jirgi, baƙi wuluk, na itacen kanya, da ake ajiyewa a fada. Ba a tuƙi da shi. In Sarki zai aiki manzo wata ƙasa, shi ake danƙa masa. Muddin filafilin nan yana waje, to Gungu magana take yi, mai magana kuwa ba ya duka. Sai a tattara masu da kibau da adduna, a ɗaure su dami guda da igiyar kaba, a jingine a gindin rimi. Ba mai kwance su, ba mai ɗaukar ran ɗan'adam ko an bi shi har ɗaki, sai ranar da manzo ya taka ƙasar tsibiri da filafilin a hannunsa. Sun yi imani wanda ya karya wannan, kogi zai cinye zuriyarsa.

A lokacin da nake magana, mai ɗaukar filafilin shi ne Barmo ɗan Kakale. Ubansa mai fito ne, ba shi da digon sarauta. Yana saurayi ya yi aikin zuba itace a jirgin hayaƙi na Turawa, a nan kunnensa ya kama harshensu. Ya dawo ya zama tafintan Sarki Gimba. Da Gwamna ya kafa Majalisar Dokoki a Birnin Gwamna, ya ba tsibirin kujera guda, sai Sarki ya naɗa shi Wakilin Gungu.

Ranar da ya fara shiga zauren majalisa da filafili a kafaɗa, sai aka fashe da dariya. Wani wakili ya tambaye shi ko an gaya masa zauren yana yoyo ne. Barmo ya ce, "A'a, amma na ji an ce maganar cikinsa ta fi kogi zurfi." Tun daga nan aka san da zamansa. Shi ya hana a riƙa tilasta wa masunta saran itacen jirgin hayaƙi kyauta. Shi ya sa aka kawo asibitin sha-ka-tafi tsibirin. Duk da haka, a Birni suna ce masa Mai Filafili, a gida kuwa suna ce masa Baturen Ruwa don ya koyi sa takalmi. Kowane zama zai tafi da filafilin, kowane hutu ya dawo da shi. Matarsa ta rasu tun da wuri, ta bar masa ɗa guda, Arzika. Da yake ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin Barmo ya kira sunansa ba. Sai dai ya ce "yaron nan", ko "wancan".

Ana nan sai Razdan, Baturen da ke mulkin lardin, wanda ake ce wa Mai Lofe, ya ga ƙananan masarautu suna ba shi wahala. Ya kai shawara majalisa a haɗe Gungu a ƙarƙashin Tudun Marke, a mai da Sarkin Gungu dagaci. Gwamna ya ce majalisa ce za ta yanke, amma kafin nan duk ɓangaren da ya zub da jini, shi ya yanke wa kansa hukunci. Barmo ya karɓi filafili ya tafi, aka ɗaure makamai a gindin rimi.

Shekarar nan shamuwa ta zo kamar yadda ta saba. Ta kewaya rimin fada, ta sake kewayawa, ta yi ƙasa kamar za ta sauka, sai ta karkata ta bi kogi ta ɓace. Tsofaffi suka sunkuyar da kai.

Ba a daɗe ba manzon Sarkin Tudu Nabame ya iso. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye tsintsiya sabuwa a gaban Sarki Gimba, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Yayanka Sarkin Tudu yana gaishe ka. Ya ce ya ga ƙofar gidan ƙanensa ta yi ciyawa, zai turo yara su share maka mashigi, su kuma tsare maka shi, ka huta."

Da aka sallami manzo, Sarki ya tara majalisarsa. Waziri Labbo ya fara magana, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi Sarki ba.

"Zaki, ruwa ba ya tsami banza. Nabame ya san filafili ba ya gida, ya san hannunmu a ɗaure yake, shi ya sa ya zaɓi yanzu. In ya sauke mutanensa a mashigi, Bature zai zo ya tarar da su zaune, ya ce ai aikin gama ya gama. Shawarata, a aika wa Wakili ya dawo da filafili, ko ya aiko da shi. Surutun zauren Turawa ba zai tare mashi ba."

Sarkin Masu Jatau, shugaban mayaƙan ruwa, ya buga ƙirji. "Ranka ya daɗe, tun da nake ban taɓa yarda da maganar Waziri ba sai yau. Ni da na kashe dorina da hannuna, a ce manoman gero su zo su share mini ƙofa? A kwance mini igiyar nan, in ban kawo maka rawanin Nabame ka mai da shi tsumma ba, a sauya mini suna!"

Sai Arzika ya matso daga bakin zaure. Shi ne shugaban samarin fito, kuma yana zama a madadin ubansa in ba ya nan. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, yaro ba ya tsoma baki, amma an bar mini saƙo. Baba ya ce in aka tsokane mu, mu tuna maganar Gwamna. Ya ce Nabame ba mashigi yake nema da mashi ba, jininsa yake so mu zubar don a ba shi tsibirin duka."

"Ji ɗan Baturen Ruwa," in ji Sarkin Masu. "Kai yaro, ubanka yana can yana shan shayi da cokali, mu za a yanka."

Sarki Gimba tsoho ne, ya ƙura wa tsintsiyar ido. Can ya ce, "Gaba kura, baya sayaki. Ban iya kwance abin da kakannina suka ɗaure, ban kuma iya kallon a yanka jama'ata kamar kaji. A je a gaya wa Wakili, Sarki yana son filafilinsa. Amma na san taurin kansa, ba kowa zai saurara ba." Ya juya wajen Magajiya Tumba, shugabar matan tsibiri, wadda yayar Barmo ce uwa ɗaya uba ɗaya. "Magajiya, ke kika goya shi. Ke za ki."

Magajiya ta yi tafiyar ruwa da ta ƙasa har Birnin Gwamna. Ta sami ƙanenta a masaukin wakilai da hantsi, yana zaune kan kujera, filafilin na jingine a bango. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Lallai Barmo, ka zama mutum. Har da agogo? Kai da na sha ciro ka daga laka kana kuka ƙaguwa ta cije ka?"

"Sannu da hanya, Yaya. A kawo miki ruwa."

"Na baro ruwa a gida, ba shi ya kawo ni ba." Ta ƙi kujera, ta zauna ƙasa. Ta kwashe labarin shamuwa da tsintsiya da zaman fada ta gaya masa, sannan ta nuna bango da haɓa. "Sarki ya ce ka ɗauko wancan mu koma."

Barmo ya ce, "Wa ya fara kawo shawarar?"

"Waziri."

"Waziri Labbo, wanda ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai, yau shi ke neman yaƙi? Yaya, ba ki ji warin abin ba? Wakilin Tudu da kansa ya tare ni a ƙofar majalisa, yana mini jaje, yana cewa in shi ne ni da tuni ya koma gida. Yaushe kura ta fara yi wa akuya nasihar hanya? An yi wa Labbo alkawarin kujera, ko shakka ba na yi. Ina sauka da filafilin nan, Jatau zai kwance dami, zai kuwa ci su da yaƙi, na san shi. Kafin gawarwakin su huce, Mai Lofe ya iso da sojoji, a tuɓe Sarki, a miƙa wa Nabame mu da 'ya'yanmu da kaburburan iyayenmu."

"In kuma ba ka dawo ba?"

"Za a kashe wasu daga cikinmu."

"Ka faɗe shi kamar kana faɗin farashin kifi."

"Na faɗe shi ne don kada ki ce ban sani ba."

Magajiya ta gyara zama, muryarta ta sauka. "To bari in gaya maka wanda za a fara kashewa. Arzika ya tsaya gaban fada ya ari bakinka. Duk tsibiri sun ji. In jiragen Tudu suka zo, kana tsammani zai ɓuya bayan mata? Shi zai tsaya gaba, hannu wofi, don kada a ce ɗan Baturen Ruwa ya aika 'ya'yan wasu. Shi ke nan gare ka, Barmo. Ba ka da wani."

Barmo ya tashi ya tsaya bakin taga, ya ba ta baya. Da ya yi magana, sai da ta kasa kunne kafin ta ji.

"Ki gaya wa Sarki, bawansa ya ƙi bin umarni, ya yanke mini abin da ya ga dama in na dawo. Ki gaya wa Jatau al'ada ta hana ƙarfe, ba ta hana ruwa ba. Mutanen Tudu ba su iya iyo ba. A kifar da jiragensu, amma duk wanda ya faɗa ruwa a tsamo shi da rai, ko guda kada kogi ya ci." Ya juyo ya dube ta. "Yaron nan kuma, ki ce masa ya riƙa duba bayansa."

"Iyakar saƙon ke nan? Ko sunansa ba za ka kira ba?"

"Yaya, kin san ba a yi."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Allah ya sa kujerar nan ta iya ɗaukar makararka," in ji ta, ta fita ba sallama.

Jiragen Tudu sun zo ranar kasuwa, rana ta ɗaga. Manyan kwale-kwale ne cike da 'yan baka da 'yan mashi, da wasu masu bindigar toka, ana buga musu ganga. Suka tarar da mashigi a toshe. Mutanen Gungu sun jera jiragensu baki da baki, sun ɗaure da igiya, sun tsaya a ciki tsirara daga ƙugu zuwa sama, kowa ya ɗaga tafin hannunsa a buɗe. Mata na kan gaɓa ba mai guɗa. Sarkin Masu Jatau yana tsakiya, hawaye na bin gemunsa don takaici, yana ta waiwayen gindin rimi. Arzika yana jirgin gaba.

Jagoran mayaƙan Tudu ya yi tsawa a buɗe hanya. Ba wanda ya motsa. Ya sake yi. Sai aka saki kibau.

Mutane suka fara faɗuwa, amma layin bai tsinke ba. Da jiragen Tudu suka matso har ana jin numfashin juna, Arzika ya yi kururuwa, samarin fito suka tsunduma ruwa gaba ɗaya kamar kwaɗi. Kogi ya yi tsit. 'Yan Tudu suna ta leƙen ruwa suna sukar banza. Can sai babban jirginsu ya girgiza, ya karkata, ya kife. Na biye da shi ma haka. Garin bindiga ya jiƙe, ganga ta bi ruwa, jarumawan tudu suka koma suna ihu suna shan ruwa suna kiran iyayensu.

Daga nan aikin ya juya. Waɗanda aka zo kashewa su ne suka shiga tsamo masu kashe su. Jatau da kansa ya ciro biyu, ɗaya a kowace hammata, yana zaginsu yana jan su gaɓa. "Ku tofar, 'ya'yan manoma! Ku tofar mana da koginmu, ba a ba ku shi ba!"

Arzika ya riga ya fid da mutum uku. Ya hango wani yana nutsewa can wajen igiyar ruwa, ya koma. Ya kamo shi ta baya, ya ɗago kansa sama, yana ce masa ya saki jiki. Mutumin kuwa tsoro ya rufe masa ido, da wuƙa a hannunsa bai yar ba. Ya yi ta suka ta baya bai san wa yake suka ba. Arzika bai sake shi ba sai da ƙafarsu ta taɓa yashi. Ya tura shi gaɓa, shi kuma ya zauna cikin ruwa iya ƙugu kamar mai hutawa, ruwan da ke kewaye da shi ya rine. Magajiya ta shiga da zaninta ta rungume shi. Ya ce, "Goggo, ba wanda ya nutse ko?" Ta ce babu. Iyakar maganarsa ke nan a duniya.

Da Razdan Mai Lofe ya iso, ya tarar da mayaƙan Tudu zaune a inuwa an ba su kunu, ba wanda ya rasa rai a cikinsu. Ya tarar da gawarwakin Gungu a jere. Ya je gindin rimi ya duba damin makamai, ya ga har gizo-gizo ya yi saƙa a kan ƙullin. Ya cire lofe daga bakinsa. Sannan ya buga wa Gwamna waya.

A zauren majalisa aka karanta saƙon, wakilai duk suna zaune. Tafintan da ke juya shi zuwa Hausa baƙo ne, bai san kowa ba. Ya bi sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan "Arzika ɗan Barmo" ya wuce kamar sauran. Waɗanda suka sani suka juyo. Barmo bai motsa ba. Da aka ba shi izini, ya dogara filafilin ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, Gwamna. Ya ku wakilan ƙasa. Shekarun baya na shigo zauren nan da itacen nan kuka yi dariya, ni ma na taya ku. Yau ga abin da yake nufi. An ce mu ƙanana ne, ba mu isa mu riƙe kanmu ba, sai an ba mu mai riƙo. To mutanen da aka harba suka ƙi ramawa, suka shiga ruwa suka ceci masu harbinsu, don kawai sun yi alkawari da wani itace da ke nesa da su, ina tambayar majalisa, su ne ba su iya riƙe kansu ba? Kun ce wanda ya zub da jini ya yanke wa kansa hukunci. An zubar. Namu ne. Ba na roƙon a rama mana. Ina roƙon ku cika maganarku kamar yadda muka cika tamu."

Ya zauna. Majalisa ta yi watsi da shawarar haɗewa, aka tabbatar wa Gungu sarautarta da mashiginta, aka ci Sarkin Tudu tara. Gwamna ya ƙara da cewa sharaɗin yana nan: ranar da Gungu ta ɗauki fansa, ranar hukuncin ya warware. Wakilai suka taso suna miƙa wa Barmo hannu, ba su san ko barka za su yi masa ko ta'aziyya ba.

Ya kama hanyar gida. Da jirginsa ya karyo kwanar da ake hango rimin fada, ya ga gaɓa cike da mutane, amma ba kiɗa. Wani ƙaramin jirgi ya taso daga mashigi ya tare shi a tsakiyar kogi. Magajiya ce, ita kaɗai take tuƙi. Ta rame. Ta kama gefen jirginsa.

"Ka ci nasara, an ce."

"An ce, Yaya."

"Sarki ya yafe maka. Ya ce a gaya maka tun kafin ka sauka." Ta juya ta nuna gaɓa. "Dubi can da kyau."

Barmo ya kare ido da hannu. Maza sun kewaye gindin rimi, kowa ya ɗaura ɗamara. Jatau yana durƙushe, hannunsa a kan ƙullin igiyar kaba. A bakin ruwa kuwa, gaba da kowa, Waziri Labbo ne tsaye cikin babbar riga, ya miƙo hannu biyu don ya taimaki Wakili ya sauka.

"Tun da aka binne su ba wanda ya koma kamun kifi," in ji Magajiya. "Jira suke ƙafarka ta taɓa yashi. Jirage a shirye suke a bayan tsibiri. Labbo yana bi gida-gida yana kuka, yana cewa jinin Arzika ba zai kwanta ba sai an ƙone Tudun Marke. Sarki ya tsufa, ba ya iya tare su. Kuma kada in yi maka ƙarya, Barmo, ni ma so nake. A hannuna ya cika."

"In na yi musu magana fa?"

"Ka yi wa wa? Uwayen da suka binne 'ya'ya saboda maganarka? Igiyar nan kaɗai ta rage tsakaninsu da Tudu, ita kuma kai take jira."

Barmo ya dubi filafilin da ke kwance a ƙafarsa. Ya dubi gaɓa. Nisan bai fi jifan dutse biyu ba.

"Ina aka sa shi?"

"Bayan masallaci, kusa da uwarsa. Daga nan ba a gani."

Ya daɗe yana kallon wajen, ko da yake ba abin da ake hangowa sai rufin ciyawa. Sannan ya ce wa matuƙinsa, "Juya."

Matuƙin ya zaro ido. "Ranka ya daɗe, ga gida?"

"Na ce juya. Manzo bai gama magana ba."

Magajiya ba ta yi mamaki ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan ƙulli ta sa masa a tafin hannu. Ƙasa ce, ja, da ɗan danshinta.

"Daga kansa na ɗebo," in ji ta. "Na san halinka tun kana goye."

Jirgi ya fara juyawa. A gaɓa aka soma hayaniya, wasu na kira, wasu na zagi, wata mata ta ɗebi laka ta jefo ta faɗa ruwa. Hannun Waziri Labbo ya sauka a hankali. Sai Barmo ya miƙe tsaye cikin jirgi, filafili a hannun hagu, ƙullin ƙasa a dama, ya fuskanci bayan masallaci. Ya ɗaga murya yadda duk tsibirin ya ji, ya kira abin da bai taɓa kira ba tun ranar suna.

"Arzika!"

Gaɓa ta yi tsit. Jatau ya janye hannunsa daga igiyar, ya rufe fuska.

Barmo ɗan Kakale ya ci gaba da zama Wakilin Gungu har tsufa ya rusuna shi. Ya yi ta kare tsibirin a majalisa, masu kai masa kuka suna haye kogi su same shi a wata bukka da ya gina a gaɓar yamma, inda ake hango kan rimi in gari ya yi haske. Bai sake taka ƙasar Gungu ba. Yaran da aka haifa bayan yaƙin suka girma suna ganin damin makamai a gindin rimi, kaba ta ruɓe ana sake ta, adduna sun yi tsatsa har ba sa yanka ko kabewa. Ranar da filafilin ya koma gida, a kan makara ya koma, kwance a gefen mai shi. Aka kwance dami kamar yadda al'ada ta ce, ba a sami wanda ya miƙa hannu ya ɗauki ko ɗaya ba. Aka haƙa masa kusa da ɗansa.

Iyakar abin da na iya ke nan. Na ga duk kun sunkuyar da kai, to bari in ɗauki takalmana a hannu in bi ta ƙofar baya, tun wani bai ɗago ya tambayi 'yar wa ce ba.